Ra'ayinmu: Malami mai ciwon suga ya san alƙaluman jikinsa

Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce Ranar Ciwon Suga ta Duniya, wadda aka daidaita da ranar haihuwar Frederick Banting, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano insulin a Kanada a 1921. A birni akan yi taro da jawabai. A nan karkara kuwa, daga Bichi zuwa Dambatta, Makoɗa da Kunchi, ranar takan wuce shiru, alhali muna da abokan aiki da matansu da iyayensu da ke fama da wannan larura.

Malamin ƙauye ba ya kusa da likita. Zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yini guda ne, ga kuɗin mota, ga aji an bari babu kowa. Tsakanin ganin likita da na gaba akan ɗauki watanni, kuma a cikinsu suga yana hawa yana sauka ba tare da sallama ba. Hawan nan na ɓoye shi ke cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa sannu a hankali. Ƙaramar na'urar gwaji ta gida ita ce ke gaya wa mutum abin da jikinsa bai faɗa masa ba.

Mu da ke cike rajista kullum, alƙaluma ba baƙinmu ba ne. Ga yawancin manya masu ciwon, ana so awon kafin cin abinci ya tsaya tsakanin 80 da 130, kuma bayan ci da awa biyu ya kasance ƙasa da 180, sai dai idan likita ya yanka wa mutum nasa ma'aunin. Wasu na'urori suna nuna ƙananan lambobi irin su 5.5 ko 7.0, a ninka da 18 a samu kwatankwacin waɗancan. A tanadi littafi, a rubuta rana da lokaci da abin da aka ci, ko fura ce ko koko ko tuwon dawa. Littafin nan ya fi wa likita amfani fiye da “ina jin sauƙi”.

Inda muke so a fi natsuwa shi ne faɗuwar suga, wato ƙasa da 70. Ta fi samun masu allurar insulin da masu shan wasu ƙwayoyi irin su glibenclamide, musamman da damina, lokacin da malami zai fito ba karin kumallo, ya yi darasi biyar, ya zarce gona da fartanya. Alamunta rawar jiki, gumi, yunwa mai tsanani, faɗuwar gaba da ruɗewar magana. A garuruwanmu, wanda ya ruɗe haka a gaban ɗalibai, wani zai ce iska ce, wani ma ya yi masa zaton shaye-shaye, mutuncin shekara ashirin ya zube a banza. Maganin gaggawa cokali babba ɗaya ne na sukari a ruwa, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, a sake gwadawa bayan minti 15. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti. Wannan magana ta iyali ce ƙwarai, domin uwargida da yara su ne ke kusa in abin ya zo da dare.

Na'urar ma tana ƙarya idan aka wulaƙanta ta. Zafin bazara da raɓar damina suna lalata tsinken gwaji, don haka a rufe kwalbarsa, a nisanta shi da rana, a duba ranar ƙarewar wa'adinsa. A wanke hannu da sabulu a bushe. Wanda ya gama shan rake ko mangwaro zai ga awo ya haura ba gaira ba dalili. Allurar tsaga yatsa kuma ta mutum ɗaya ce, saboda ciwon hanta da ake ɗauka ta jini. Da azumi, shawarar likitoci ita ce a karya idan awo ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, a kuma ga likita tun kafin watan ya kama.

Babbar matsala ita ce tsadar tsinken gwaji a kan albashin malamin firamare. Muna ba kwamitin walwala shawara ya tattara sunayen masu buƙata cikin sirri, a riƙa sayo tsinken a dunƙule daga amintaccen kantin magani, ya kuma rubuta wa hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA, ya nemi bayanin abin da tsarin ya tanadar wa masu ciwon suga. Shugabannin makarantu kuma su ba malami 'yan mintuna ya gwada ya ci wani abu, ba tare da an rubuta masa takardar tuhuma ba. Muna roƙon sakataren reshe ya sanya waɗannan batutuwa cikin ajandar taro mai zuwa.