Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya: A Ƙofar Ɗakin Hoto Muke Rasa Masu Ciwon Daji

Ranka ya daɗe Farfesa Muhammad Ali Pate,

Ina son in ja hankalinka kan wani lokaci a rayuwar marar lafiya wanda tallafin gwamnati bai cika kaiwa gare shi ba. Lokacin yana farawa ranar da likita ya taɓa ƙullutu a nonon mace, ko ya ji labarin tarin da ya ƙi jin magani, ya rubuta takarda ya ce a je a ɗauko hoto. Yana ƙarewa ranar da aka faɗa wa mutum sunan ciwonsa. A tsakanin nan mutum ba lafiyayye ba ne, kuma a takarda bai zama mai ciwon daji ba tukuna, saboda haka babu asusun da ya san da zamansa. Da kuɗin aljihunsa zai yi sikanin, da hoton nono, da CT, wani lokaci har da MRI, wanda a wurare da dama guda ɗaya kan kai ko ya haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Duk wannan yana yinsa ne da fargabar abin da hoton zai nuna, ga shi gida ana tambayarsa me likita ya ce.

Ba a rasa abin yabawa ba. Asusun tallafa wa masu ciwon daji da aka fara a 2021 yana ɗaukar nauyin marasa ƙarfi masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, kuma Asibitin Koyarwa na ABU da na Gombe suna cikin asibitoci shida da aka fara da su. A 2025 an buɗe cibiyoyin gashin daji a Katsina da Enugu da Benin. Sai dai dukkan waɗannan an tanade su ne domin wanda aka riga aka tabbatar da ciwonsa. Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya na 2022 ya nuna kimanin mutum 127,000 ne suka kamu a Najeriya a shekarar, kusan 80,000 kuma suka rasu. Likitocinmu sun daɗe suna cewa yawancin masu sankarar mama sai ciwon ya kai mataki na uku ko na huɗu ake fara masu magani. Na'urar gashi komai sabuntarta ba ta mayar da ciwon da ya bazu zuwa huhu da ƙashi baya, don haka biliyoyin da aka kashe a kanta ba za su yi cikakken amfani ba muddin mutane na maƙalewa kafin su iso ta.

Za a ce maka laifin jama'a ne, ba sa zuwa da wuri, sun yarda cewa daji ba ya son allura, sai sun gama zagaye masu maganin gargajiya. Akwai gaskiya a ciki. Amma matar da ta taso daga ƙauye ta zo babban asibiti, aka ba ta takardar hoto, ta tarar na'ura ta lalace, aka tura ta wurin 'yan kasuwa, ta ji kuɗin da ya fi ƙarfin mijinta, ta koma gida neman rance, ba za a ce ba ta zo da wuri ba. Ta zo, hanyar ce ta yanke mata. Mai maganin gargajiya kuwa yana karɓar abin da ya samu, yana ba da amsa nan take. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya daga aljihun mutane yake fita, abin da ake kira jahilci sau tari lissafi ne na wanda ba shi da shi.

Roƙona shi ne a ɗauki zargin likita a matsayin mabuɗin tallafi. Idan likita ya rubuta cewa yana zargin daji, a biya wa marar ƙarfi kuɗin hoto da na auna tsokar da aka ciro daga asusun masu rauni da dokar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ta 2022 ta kafa, a kuma ɗaure aikin da wa'adi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta ba da ma'auni a shirinta na sankarar mama na 2021: daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti zuwa kammala hoto da gwajin tsoka, kada a wuce kwana 60. Ingila ta sa wa kanta kwana 28. Ba na cewa mu yi tsere da Ingila, kwana 60 ɗin ma ya isa a fara da shi, in dai kowane asibitin tarayya zai riƙa bayyana wa jama'a duk wata uku mutum nawa ya cika wa wa'adin, da kwanakin da na'urarsa ta yi a tsaye.

Na san amsar farko ita ce babu kuɗi, kuma zazzaɓin cizon sauro da mutuwar mata wurin haihuwa sun fi kashe mutane. Kai da ka shugabanci hukumar kula da lafiya a matakin farko ka fi kowa sanin wannan, ba kuma zan nemi a taɓa kasonsu ba. Sai dai gwamnati tana biyan kuɗin jinkirin ta wata ƙofar: gadon asibiti na watanni, da allurai masu tsada ga wanda ba zai tashi ba. Kuma ba kowa ke buƙatar MRI ba. Mafi yawan ƙullutun nono sikanin da hoton nono da allurar ciro tsoka sun isa a gane shi, da yawa ma za a tarar ba daji ba ne, a sallami mutum ya koma harkokinsa da kwanciyar hankali.

Amsa ta biyu ta fi nauyi. Idan aka ce kyauta ne, wasu za su riƙa rubuta hoton da babu buƙatarsa don la'adar da cibiyoyin gwaji ke bayarwa, alhali CT haske ne mai shiga jiki wanda ba a son yawaita shi. Wannan tsoro na kan hanya. Maganinsa a rubuta alamomin da ke ba da damar shiga tsarin, a riƙa bibiyar likitan da hotunansa suka yi yawa ba tare da ana samun komai ba, sannan kada a biya cibiya sai rahoton ƙwararren likita ya isa hannun wanda ya turo marar lafiyar. Hoton da aka miƙa wa mutum a faifai ba tare da an karanta ba, bai gama aikinsa ba.

Nan ne maganar ma'aikata da wuta ke shigowa. Kai da bakinka ka ce kimanin likitoci 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan, masu karanta hoto kuwa da ma ba su da yawa. Sa'ar da aka yi ita ce hoton zamani yana tafiya ta intanet, likita a Zariya zai iya karanta wanda aka ɗauka a Nguru a rana guda, idan an tsara yadda za a biya shi. Wuta kuma ba ta jira. Maganaɗisun MRI yana zaune ne cikin sanyin kusan digiri 269 ƙasa da sifili, kuma idan na'urar sanyaya shi ta daɗe a kashe, ruwan hiliyom da ke kewaye da shi ya tsere, gyaran da dala ake yinsa. Tun da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A a Afrilun 2024 asibitocin koyarwa ke kuka, har na Ibadan ya shafe watanni a yanke. Saboda haka duk kwangilar sayen na'ura ta haɗa da gyara na shekaru da wutar da ba ta ɗaukewa, in ba haka ba kada a sa hannu. Cibiyar gwaji da hukumar zuba jari ta ƙasa (NSIA) ta gina a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ta nuna ana iya tafiyar da irin wannan wuri cikin tsari. Abin da ya rage shi ne wanda zai biya wa talaka.

Ina roƙon ka gabatar da wa'adin kwana 60 da biyan kuɗin gwajin gano daji a zaman Majalisar Ƙoli ta Lafiya mai zuwa, a fara gwada shi a asibitoci shidan da asusun ciwon daji ya fara da su, tun da suna da ma'aikatan da suka saba tantance marasa ƙarfi.