Zaure Ba Wurin Cajin Batir Ba Ne

'Yan'uwa malamai, tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, albashinmu a tankin babur yake ƙarewa. Don haka ba mu ga laifin malamin da ke zirga-zirga tsakanin Kuki da Dutsin-Ma ba idan ransa ya biya ga babur mai caji. Abin da muke suka shi ne ɗabi'ar da za ta tarbi wannan babur a gidajenmu: a jona caji a zaure, a rufe ƙofa, a tafi barci.

Mun riga mun saba yin haka da waya da fitila da fanka mai caji, domin sau da yawa wuta ba ta zuwa sai dare ya raba. To amma batirin babur ya ninka na waya girma nesa ba kusa ba. Batirin litiyam, idan ya bugu, ko ya sha zafi, ko aka haɗa shi da cajar da ba tasa ba, zafi kan hauhawa a cikinsa har ya kama da wuta cikin ƙiftawar ido. Hayaƙinsa guba ne, kuma yakan sake tashi bayan an zaci ya mutu.

A shekarar 2023 gobarar irin wannan batir ta kashe mutum 18 a birnin New York na Amurka. A Landan kuwa, a shekarar ta 2023, kusan duk kwana biyu sai 'yan kwana-kwana sun fita kashe wutar keke ko babur mai caji. Waɗannan birane ne da motar kashe gobara ke isowa cikin mintuna. Mu a Kuki wa zai iso? Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Zaure shi ne ƙofa ɗaya tilo ta yawancin gidajenmu, tagoginmu kuma an datse su da ƙarfe saboda ɓarayi. Wanda ya jona batir a nan ya tare wa iyalinsa hanyar tsira da hannunsa. Masu cewa ƙaddara ce, mun yarda ajali na Allah ne, amma sakaci namu ne. Masu cewa cajar kasuwa ta fi sauƙi, su tuna araha ba ta ado.

Saboda haka, a yi caji a rumfa cikin tsakar gida, a inuwa, nesa da kara da katifa da jarkar fetur, kuma ana farke. A yi amfani da cajar da ta zo da batirin, a cire idan ya cika. Batirin da ya kumbura, ko yake wari, ko ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, a daina jona shi. Idan ya fara hayaƙi, a fitar da yara tukuna. Babur ba ya kai rai.

Muna kuma kira ga shugabannin reshenmu: kada a yarda da cajin babur a aji ko ofishin hedimasta. Ba mu manta yaran Maraɗi fiye da 20 da gobara ta cinye a azuzuwan zana cikin Nuwamba 2021 ba. Duk ranar da aka kawo maganar bashin babur mai caji, a fara tambayar ingancin batir da caja kafin a tambayi farashi. Mu da muke koya wa 'ya'yan mutane tsare kai, kunya ce a ce darasin bai kai zaurenmu ba.