Waiwaye: Ɗan Teburin Madaci da Na Haɗa a Hayin Banki

Duk wanda ya taɓa sayen ɗan teburin gefen gado irin na garin katako, wanda aka matse aka lulluɓe da takarda mai sheƙi, ya san ƙarshensa. Damina ɗaya ko biyu, ruwan goge ɗaki ya taɓa ƙafarsa, sai ya kumbura ya fara zubar da gari. Haushin wannan ne ya sa shekarun baya na ce zan haɗa nawa da hannuna, da katako mai tauri, alhali ban taɓa riƙe zarto ba sai don rage reshen darbejiya.

Wani dattijon kafinta da ke da rumfa a unguwarmu, Hayin Banki, ya yarda in riƙa zuwa ranakun Asabar. Abin da nake so bai taka kara ya karya ba: ƙafa huɗu, sanduna huɗu da za su riƙe su, sai saman da bai wuce santimita 40 ba kowane gefe, inda za a ɗora fulas ɗin shayi da waya. Tare muka je Panteka wajen masu katako. Ni ina kallon launi, shi yana ɗaga falanki yana jin nauyinsa, yana ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, yana kanne ido ɗaya yana duba tsawonsa ko ya karkace. Ya zaɓi madaci. Da muka dawo na ɗauka za a miƙo mini zarto, sai ya jera falankan a inuwa, ya sa 'yan sanduna a tsakaninsu don iska ta ratsa, ya ɗora bulo a sama. Ya ce: "Malam, ka dawo in hunturu ya shigo."

Na ce: "Baba, tebur ne fa ɗan mitsitsi."

Ya ce katakon bai san girman teburin ba.

A lokacin watan Agusta ne. Sai daga baya na gane abin da yake nufi, kuma a nan ne yawancin aikin kafintocinmu yake lalacewa. Katako yana shan danshin iska, yana kuma sakinsa, ko da an shekara hamsin da sare itacen. A tsakiyar daminar Kaduna danshin iska yakan haura kashi 80 cikin ɗari, da hunturu kuma ya faɗo ƙasa da 20. Masana katako sun auna cewa a yanayi na farko ruwan da ke jikin busasshen falanki yakan tsaya wajen kashi 16, a na biyu kuwa ya sauko kusan 5. Kuma ba ta tsawo yake tsukewa ba, ta faɗi ne. Saman tebur kamar nawa zai iya rage rabin santimita ko fiye tsakanin Agusta da Janairu, ya sake buɗewa in ruwa ya sauka. Shi ya sa ƙofar da take rufuwa lafiya da sanyi take cijewa da damina. Katakon da ake sayarwa a rumfunan kasuwa kuwa, da yawansa ɗanye ne, daga injin yanka sai tirela. Mai aiki yana gaggawa, kafinta yana son kuɗinsa, a buga ƙusa a shafa fenti. Hunturu na zuwa, saman ya tsage, a ce kafinta bai iya ba. Wani lokaci ya iya, haƙuri ne babu a ɓangarorin biyu.

Da lokaci ya yi muka fara. Madaci ba ya karɓar ƙusa kamar malaina ko sauran farin katako. Ko ƙusar ta lanƙwashe, ko bakin falankin ya dare. Don haka Baba ya koya mini haɗi irin na da: a huda rami a jikin ƙafa, a fere bakin sandar har ya shige cif, a shafa gam, a ɗaure da igiya a murɗa ta da kara har ya kwana. Wajen gogewa ma yana da hali, domin zarensa a sarƙe yake, in ka tura magogi ta wannan gefe ya yi sumul, gaba kaɗan ya yago. Maganinsa kaifin ƙarfe da ɗiba kaɗan-kaɗan. Rabin abin da na yi a rumfar nan wasa ƙarfe ne a kan dutse, ba na kuma nadamar ko minti ɗaya.

Saman teburin shi ne bai bari na sa masa gam ba. Ta ƙasa muka riƙe shi da sukurori, ramukansu kuma ya sa na ɗan faɗaɗa su, don falankin ya sami wurin motsi. Sanfefa da man shafawa ba su da wani dogon labari.

Akwai dalili na biyu da ya sa nake ganin gaggawa da irin wannan katako ta zama almubazzaranci. Itatuwan suna ƙarewa. Madobiya, wadda kafintoci suke yabo saboda kyan zanenta, an kwashe ta daga dazukan Taraba da Kogi da Adamawa zuwa Sin, har a 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. A 2022, a taron da aka yi a Panama, madaci da kawo suka bi sahu. Ga kirya da ake ƙonawa gawayi buhu-buhu. Muna da kwalejin gandun daji a Afaka, nan bayan Mando, amma wanda ya je rumfar katako ya tambayi daga wane daji aka saro falankinsa, da wuya ya sami amsa. Itacen da ya yi shekaru da dama yana girma bai cancanci a mai da shi teburin da zai tsage kafin shekara ta zagayo ba.

Teburina ba abin kai wa baje koli ba ne. Ɗaya daga cikin haɗin yana da 'yar kafa da muka cike da garin katako da gam. Amma bai taɓa girgiɗi ba, gara ba ta kula shi ba, kuma in na shafa gefensa da sanyi nakan ji saman ya ɗan ja baya, da damina ya dawo.

Ga mai sha'awar gwadawa, kada ya fara da sayen kayan aiki masu tsada. Zarto, guduma, kurfi, magogi da tef sun isa. Ya nemi tsohuwar ƙofa ko gadon madaci da aka daina amfani da shi, domin ya riga ya ga hunturu da yawa, ya kuma fi sabo araha. In kuwa sabon falanki zai saya, ya saye shi da kaka, ya jera shi a inuwa, kada zarto ya taɓa shi kafin Janairu.