A Bar Mana Shuɗin Furen Bakin Shinge

Mu 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare muna roƙon a daina sare ciyawar da ke bakin shinge ta bayan ɗakin gwaje-gwaje, daga inda ruwa ke kwanciya zuwa gindin itacen turare. Taku goma ne kacal. Dalilinmu wani ɗan shuɗin fure ne da yake fitowa a wurin da damina, wanda langalanga take cinyewa duk ranar aikin yankan ciyawa tun bai zubar da iri ba.

Da yawa za su ce ba su taɓa ganinsa ba. Da safe yake buɗewa, kafin a tashi makaranta ya rufe, kuma kowane fure kwana ɗaya yake yi a duniya. Wanda ya je da yamma ciyawa kawai zai tarar.

Ga yadda za ku gane shi. Ku fara duba ganyen, kada ku yi saurin kallon furen. Ganyen dogo ne, mai faɗi kamar takobi, kuma duk a jere suke ta gefe guda, wani na rungume da wani, kamar an buɗe maficin kaba. Ganyen ciyawa ba ya yin haka. Furen yana da kunnuwa shida masu kama da juna, a baje kamar tauraro. A tsakiya akwai 'yan sanduna uku masu ɗauke da gari ruwan ɗorawa. Ku ƙirga, uku ne, ba shida ba. Wannan ita ce babbar alamar danginsu, dangin furen da Turawa ke kira airis. Kwanson irin kuma a ƙarƙashin furen yake, da ɗakuna uku a cikinsa. Abin da ya fi burge mu shi ne yadda yake bushewa: kunnuwan ba sa zubewa, murɗewa suke yi su naɗe kamar an matse tsumma.

Kada ku rikita shi da balasa. Ita ma shuɗiya ce, ita ma da safe take buɗewa, amma tana yaɗo a ƙasa, jikinta da ruwa-ruwa, kuma kunnuwa biyu ne manya a furenta. Namu a tsaye yake.

Malamin kimiyya ya ce sunan jinsinsa Aristea, kuma akwai irinsa sama da 50, duk a Afirka da tsibirin Madagaska. Yana son ciyayin tudu mai sanyi da laima, irin namu na nan tsaunin Mambila. Ashe ma ɗan uwan rumana ne, wadda masu maganin gargajiya suke tonon ƙwallonta. Wani irinsa har a lambunan ƙasashen waje ake shuka shi don ado. Mu kuwa da yake fito mana kyauta, bulala ake yi wa wanda ya bar shi a yankinsa.

Yanzu ku dubi abin da muke ban ruwa. Furen takarda da ke gaban ofis daga Amurka ta Kudu aka kawo shi. Itacen turaren da ya cika Gembu ɗan Ostireliya ne. Ba mu ce a tumɓuke su ba, muna shan inuwa, muna samun itacen girki. Amma me ya sa baƙo yake da mai ɗebo masa ruwa, ɗan gida kuma sai adda? Ko tambarin Najeriya, idan kun duba ƙasansa, furannin daji ne a cikin ciyawa ƙarƙashin dawakan nan biyu.

Mun san abin da za a ce: macizai. Wannan magana ce ta gaskiya, ba ma wasa da ita, domin ƙannenmu 'yan aji ɗaya suna bin wurin da silifas. Shi ya sa ba mu nemi a bar fili duka ba. A share hanya, a share gindin tagogi. A wannan taku goman, mu za mu riƙa cire doguwar ciyawa da hannu muna barin furen, mu kewaye wurin da duwatsu. Kuma don Allah kada a yi feshin maganin ciyawa a nan, domin zai kashe shi har saiwa.

Saura suna. Ba daidai ba ne a ce da Latin kaɗai muke kiransa. Duk mai kaka a gida ya kwatanta mata furen, ya tambaye ta yadda ake ce masa da Mambila ko Fulatanci ko Hausa, ya kawo wa kulob ɗin 'yan jarida mu liƙa a wannan allo. A zana a takarda, kada a tsinko. Mai son gani da idonsa ya same mu a bakin shinge kafin a kaɗa ƙararrawar asambili.