Sai Landan Ta Taya Sannan Mu Ce Namu Ne?

A watan Fabrairu na 2018 aka yi gwanjon wani zane a Landan, a gidan dillalan nan na Bonhams, aka sallama shi a kan fam miliyan 1.2. Zanen shi ne "Tutu", hoton wata gimbiyar Ife, wanda Ben Enwonwu ya yi a 1974. An shekara da shekaru ba a san inda ya shiga ba, sai a 2017 aka same shi rataye a wani gida a Landan. Da labari ya iso, jaridunmu suka ɗauka, 'yan boko suka yi ta buga ƙirji, wai ɗanmu ya fitar da mu kunya. Ɗan namu kuwa ya riga mu gidan gaskiya tun 1994.

Ba Enwonwu muke yi wa kuka ba. Shi ya ci moriyar hannunsa, ya yi suna tun yana da rai, har shi ya ƙera mutum-mutumin Sarauniya Elizabeth a 1957. Kukanmu na waɗanda ke bayansa ne, masu zanen da muke cin tuwo tare da su a makaranta, waɗanda ba mu taɓa tambayar farashin aikinsu ba, balle mu taya.

'Yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, mu leƙa falon junanmu mu faɗi gaskiya. Me ke jikin bango? Kalandar banki, da hoton dusar ƙanƙara na wata ƙasar da ba mu taɓa takawa ba, wanda inji ya buga dubbai irinsa. Mutum zai zuba albashin wata biyu a kan kujeru da labule, amma a ce ya sayi zane na asali, wanda babu irinsa a duniya sai shi, sai ya ce almubazzaranci ne. Abin kunyar ma ya fi yawa a kanmu mutanen Arewa, domin a Zariya ne, a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suna ɗalibai kamarmu, suka kafa ƙungiyar da ta ƙi yarda a ce sai an kwaikwayi Bature sannan zane ya zama zane. A ƙofarmu aka kunna wutar, wasu suka ji ɗuminta.

Ya kamata mu fahimci yadda wannan sana'a take tafiya. Mai zane ba ya ɗaukaka don iyawa kaɗai. Gidan baje kolin zane shi ne dillalinsa: ya rataya aikin, ya gayyato masu saye, ya rubuta rasit, ya kuma yanke la'adarsa, wadda sau da yawa takan kai rabin kuɗin. La'adar tana da nauyi, ba ma musun haka, kuma akwai dillalan da imaninsu bai kai cikin cokali ba. Amma duk zanen da aka saya da rasit shaida ce da za ta ɗaga darajar na gaba. Inda babu mai saye, gidan sai ya rufe, mai zanen kuma ya koma rubuta allon shaguna, ko ya tattara ya bi masu kuɗin waje. Bayan shekara talatin sai mu zo muna zagin Turawa wai sun kwashe mana kayan tarihi. Wasu kam da bindiga aka kwasa, kamar na Benin a 1897. Na yanzu fa? Mu muka ƙi tayawa.

Za a ce mana addini ya yi magana a kan hoton mai rai. Mun ji, kuma ba mu zo jayayya da malamai ba. Sai dai wanda ya tsaya a kan wannan hujja, me ya hana shi sayen zanen dutse da kogi, ko zayyana, ko irin adon da magina suka daɗe suna yi a bangon gidajen Zariya da Kano? Za a kuma ce babu kuɗi. Aikin ɗalibin da ke shekarar ƙarshe ba farashin Landan gare shi ba.

Wasu ƙasashe sun gane wannan zalunci tun da daɗewa. Jean-François Millet ya rasu a 1875. A 1889 aka sayar da zanensa "Angelus" a kan faran 553,000, iyalinsa ba su ga ko anini ba. Irin wannan ne ya sa Faransa ta yi doka a 1920, cewa duk lokacin da aka sake gwanjon zane, mai shi ko magadansa suna da kaso. Ingila ba ta bi sahu ba sai a 2006.

Mu ba sai mun jira majalisa ba. Muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta ware wani abu daga kuɗin da take kashewa a kan liyafa, ta riƙa sayen zane ɗaya kowace shekara a bajen kolin masu kammala karatu, a rataya shi a zauren taro da sunan mai shi da abin da aka biya. Wanda kuma ya fara karɓar albashi, in ya je saye, ya duba sa hannu da shekara a jikin zanen, ya karɓi rasit, kuma don Allah kada ya tsaya yana taya shi kamar kwandon tumatir a kasuwar Sabon Gari.