A Bar Wa Kwamfuta, In Ji Su

Wani masani ya sake hawa rediyo yana cewa matuƙi ne raunin jirgin sama, a miƙa wa kwamfuta komai a huta. Waƙar ta tsufa, amma masu amshi ba su gaji ba.

A tambaye shi labarin Gottröra. Ranar 27 ga Disamba 1991 jirgin SAS ƙirar MD-81 ya tashi daga Sitokholm ɗauke da mutum 129. Ƙanƙarar da ta kwana a fuka-fukansa ta ɓalle ta faɗa cikin injinan da ke baya, ta lanƙwasa farfelun gaba. Kwamfiresar injin jirgi jerin farfelu ce, kowane layi yana matse iska yana miƙa wa na bayansa. Da iska ta zo a karkace sai ta saki bayan farfela ɗaya, ta toshe wannan kafar, ta karkata kan maƙwabciya, ita ma ta shaƙe. Haka shaƙewar ke zagaya da'irar, a hankali fiye da juyin injin. In ta yi tsanani sai matsattsiyar iskar ta dawo gaba da ƙara kamar harbin bindiga. Maganin farko sananne ne: a sassauta totur.

Kyaftin Stefan Rasmussen ya sassauta. Wata na'ura mai maido da ƙarfin inji da kanta ta mayar da totur sama, na'urar da ba wanda ya taɓa gaya wa matuƙan akwai ta. Ba a cika minti biyu ba injinan biyu suka mutu. Wannan "raunin" ne ya sauke jirgin a fili kusa da Gottröra, jirgin ya karye gida uku, kowa ya tsira.

Za su ce ai na'urorin yanzu sun waye. Madalla. Haka aka ce kafin na'urar MCAS, wadda da farko Boeing bai sanar da matuƙan 737 MAX ba, kuma mutum 346 suka halaka a Indunisiya da Habasha a 2018 da 2019. Kuma ba mu manta ba, kafin a gama tsince gawarwaki wasu a Amurka sun fara gunagunin cewa matuƙan ƙasashenmu ne ba su ƙware ba. Rasmussen Bature ne, shi ya sa ya zama gwarzo. Kyaftin ɗin Habasha kuwa sai da bincike ya fito kafin masu wannan baki su rage murya, wasunsu har yau ba su janye ba.