Juyin Juya Halin Iran A Idon Kiristocin Ƙasar

Sau da yawa idan aka ɗauko zancen juyin juya halin da aka yi a ƙasar Iran a shekarar 1979, bakin mutum biyu kurum muke ji: na Musulmin da ya yi murna da shi, da na Baturen da ya ji haushinsa. A wannan mako ina so mu saurari na uku, watau Kiristan da aka haifa a ƙasar, wanda abin ya same shi a cikin gidansa. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Kuma duk mulkin da ya ce da sunan Allah yake yi, babu mai ba da shaidarsa kamar wanda ba shi da ƙarfi a ƙarƙashinsa.

Da farko ya kamata a sani Kiristocin Iran ba baƙi ba ne. Assuriyawa suna can tun kafin Musulunci ya shiga ƙasar Farisa. Armeniyawa kuwa, ban da waɗanda suke zaune a arewa maso yamma tun fil azal, Sarki Shah Abbas ya kwaso dubbansu wajen shekarar 1604, ya zaunar da su a wata unguwa ta birnin Isfahan da ake kira Sabuwar Julfa, inda babbar majami'arsu ta Vank take tsaye har yau. Waɗannan ƙabilu biyu da harsunansu suke ibada, ba su kuma cika kiran kowa zuwa ga addininsu ba. Sai kashi na uku, 'yan kaɗan, masu ibada da Farisanci, waɗanda da yawansu su ko iyayensu daga Musulunci ko Yahudanci suka fita. Wannan rabe-rabe shi ne mabuɗin dukan labarin, don abin da kashi biyun farko suka gani dabam ne da abin da na ukun suka gani.

Shugaban ɗarikar Angalikan na ƙasar a lokacin juyin sunansa Hassan Dehƙani-Tafti. An haife shi a 1920 a ƙauyen Taft kusa da birnin Yazd, mahaifinsa Musulmi ne, ya yi karatu a makarantar mishan a Isfahan, ya shiga Kiristanci yana saurayi, aka naɗa shi bishop a 1961. Na san wani mai karatu zai ce, me za mu ji daga bakin wanda ya bar addininmu? Amsa ita ce, Alƙur'ani ya hore mu kada ƙin wasu mutane ya sa mu ƙi yi musu adalci, kuma farkon adalci shi ne a saurari mutum.

Wannan bishop bai yi baƙin ciki da faɗuwar Sarki Shah ba. Ya ga zaluncin 'yan sandan ciki na SAVAK kamar yadda kowa ya gani, har ya rubuta wa Ayatullahi Khumaini takarda yana nuna goyon bayansa ga kafa ƙasa mai adalci da 'yanci. Yana da dalilin kyautata zato. Khumaini, sa'ad da yake gudun hijira a wani ƙauye kusa da birnin Paris, ya aika wa Kiristocin duniya saƙo a lokacin Kirsimeti na 1978, ya kuma sha nuna wa 'yan jarida cewa malamai ba kujerar mulki suke nema ba. Shah ya bar ƙasar ran 16 ga Janairu 1979, Khumaini ya sauka Tehran ran 1 ga Fabrairu, gwamnatin da Shah ya bari ta rushe ran 11 ga watan.

Ba a yi kwana goma da wannan ba sai aka tarar da limamin majami'ar Angalikan ta Shiraz, Arastu Sayyah, an yi masa yankan rago a ofishinsa. Cikin watannin da suka biyo aka ƙwace asibitocin ɗarikar na Isfahan da Shiraz, da gidajen da take kula da makafi. A watan Oktoba na shekarar wasu mutane suka haura gidan bishop ɗin da asuba, suka harbe shi yana kwance. Harsashi huɗu suka huda matashin da ya ɗora kansa ba su same shi ba, matarsa Margaret ta kāre shi da jikinta, harsashi ya ratsa hannunta. A watan Mayu na 1980, yana taro a tsibirin Kubrus, aka tare motar ɗansa namiji tilo, Bahram, mai shekara 24, a Tehran, aka harbe shi har lahira. Uban bai sami damar zuwa jana'iza ba. Ya rubuta addu'a ya aika aka karanta a wurin, a cikinta yana roƙon Allah Ya gafarta wa waɗanda suka kashe ɗan nasa ranar da za su tsaya gabanSa. Ya ƙare rayuwarsa a Ingila, ya rasu a 2008 bai sake taka ƙasarsa ba. Ya ba da labarin waɗannan shekaru a wani littafi da ya fito a 1981, wanda ma'anar sunansa ita ce farkawa mai wuya. 'Yarsa Guli, wadda ta bar Iran tana yarinya, ta zama bishop a Ingila a 2017.

Gaskiya ne lokacin hargitsi ne, kowace unguwa da kwamitinta da 'yan bindigarta, kuma ba Kirista kaɗai abin ya ci ba. Saboda haka bai kamata a tsaya a kan shekarar farko ba, sai a dubi abin da aka kafa bayan ƙura ta lafa.

A ƙarshen watan Maris 1979 aka yi ƙuri'ar raba gardama, fiye da kashi 98 cikin 100 bisa lissafin hukuma suka zaɓi Jamhuriyar Musulunci. Daftarin tsarin mulki na farko bai ba malamai wani matsayi na sarauta ba. Majalisar ƙwararru, wadda malamai suka fi yawa a cikinta, ita ta shigar da abin da ake kira wilayatul faƙih, ra'ayin da Khumaini ya karantar a Najaf a 1970, cewa muddin Imami na goma sha biyu yana ɓoye, malamin fiƙihu shi ya cancanci riƙe ragamar ƙasa. Bisa ga wannan tsari, Jagora shi ke naɗa shugaban alƙalai da manyan hafsoshin soja da shugaban gidan rediyo da talabijin. Akwai kuma majalisar mutum 12, shida daga cikinsu malamai da Jagora ke naɗawa, wadda ke tace dokoki, tana kuma tace masu neman tsayawa zaɓe.

To, ina matsayin Kirista a nan? Sashe na 13 na tsarin mulkin ya amince da Majusawa da Yahudawa da Kirista, su kaɗai, a matsayin marasa rinjaye masu ikon yin ibadarsu da bin dokokinsu na aure da makamantansu. An keɓe musu kujeru biyar a majalisar dokoki: biyu na Armeniyawa, ɗaya ta Assuriyawa da Kaldiyawa, ɗaya ta Yahudawa, ɗaya ta Majusawa. Majami'un Armeniyawa a buɗe suke, tsohuwar majami'ar Tadawus da ke arewa maso yamma hukuma ta gyara ta, ana kai mata ziyara kowace shekara. Samarin Armeniyawa da Assuriyawa sun yi yaƙi sun mutu tare da Musulmi a yaƙin Iran da Iraƙi na 1980 zuwa 1988, kuma Ali Khamene'i, wanda ya gaji Khumaini a 1989, ya sha kai wa iyalansu ziyara a lokacin Kirsimeti. A 2003 aka daidaita diyyar ransu da ta Musulmi. Duk wanda ya ɓoye waɗannan bai yi adalci ba, musamman in aka tuna halin da Kiristocin Iraƙi suka shiga bayan 2003.

Amma Ba'armeniye zai ce maka wannan rabin labari ne. Ba ya iya zama shugaban ƙasa, ba a ba shi alƙalanci ko babban muƙamin soja. Dokar lulluɓi ta 1983 ta hau kan matarsa kamar yadda ta hau kan Musulma. A farkon shekarun 1980 an yi ta jayayya da hukuma a kan koyar da addini da harshensu a makarantunsu. An kuma kafa dokar gado da ta ce in ɗaya daga cikin magada Musulmi ne, shi ke kwashe dukiyar, abin da ya sa kowane gida ya riƙa kwana da fargaba. Shi ya sa dubbansu suka tattara suka koma Amurka da Armeniya da ƙasashen Turai. Ƙidayar 2016 ta nuna Kirista wajen 130,000 ne a ƙasar mai mutum kusan miliyan 80.

Masu ibada da Farisanci kuwa, nasu ya fi haka tsanani. A 1990 aka rufe ofishin buga Littafi Mai Tsarki, a watan Disamba na shekarar aka rataye wani fasto, Husaini Sudmand, a Mashhad bisa laifin ridda. Wani kuma, Mahdi Dibaj, ya yi shekara tara a kurkuku, aka yanke masa hukuncin kisa a 1993. Shugaban ɗarikarsa, Haik Hobsepiyan, ya kai kuka ga duniya har aka sake shi a Janairu 1994, amma kwanaki kaɗan bayan haka shi Haik ya ɓace, aka tsinci gawarsa. Kafin shekarar ta ƙare an kashe Dibaj da wani fasto, Tatewos Mikayiliyan. Hukuma ta ɗora laifin kashe-kashen a kan ƙungiyar 'yan adawa ta Mujahidin, Kiristocin da yawa ba su gamsu ba. A 2013 aka rufe babbar majami'a mai wa'azi da Farisanci a Tehran, masu taruwa a gidaje kuma aka riƙa gurfanar da su bisa zargin yi wa tsaron ƙasa zagon ƙasa.

Ban da kukan abin da ya same su, masanan Kirista suna da wata magana wadda na ga ta fi cancantar mu yi tunani a kanta. Sukan ce su ma sun bi wannan hanya sun ga ƙarshenta. Majami'a ta taɓa riƙe takobi a Turai. Kotun binciken aƙida da aka kafa a Sifen a 1478 ta ƙona mutane, ta kuma tsananta wa Musulmi da Yahudawan Andalus da aka tilasta wa shiga Kiristanci. An yi shekara talatin, daga 1618 zuwa 1648, Kirista suna karkashe juna a ƙasar Jamus. Fafaroma yana da ƙasa da soja har 1870, kuma sai a 1965 majami'ar Katolika ta furta a hukumance cewa ba a tilasta wa mutum a kan addini. Darasin da suka ce sun koya shi ne, idan malami ya hau gadon sarauta, kuskuren gwamnati yakan koma kuskuren addini a idon talaka. Tsadar abinci da cin hanci da dukan ɗan sanda, duka a kan rawani za a ɗora su. Kuma wanda a da yake shiga fada ya gaya wa sarki gaskiya, yanzu shi ne sarkin, babu sauran mai yi masa wa'azi.

Musulmi zai amsa, kuma da hujja, cewa Musulunci ba shi da fafaroma, kuma bai raba addini da sha'anin mulki ba tun daga Madina. Haka ne. Sai dai shari'a ta yi hukunci abu ɗaya ne, malamai su mallaki kujera abu ne dabam, kuma manyan malaman Shi'a kansu sun faɗi wannan. Ayatullahi Khu'i na Najaf bai yarda ikon malami ya kai nan ba. Ayatullahi Shari'atmadari ya soki tsarin, aka tsare shi a gida har ya rasu a 1986. Ayatullahi Muntaziri, wanda ya taimaka aka rubuta wilayar cikin tsarin mulki aka kuma zaɓe shi magajin Khumaini, ya yi tir da kashe dubban fursunonin siyasa a 1988, aka tuɓe shi a 1989, daga baya ya yi shekaru a tsare a gidansa a Ƙum. A Janairu 1988 Khumaini da kansa ya rubuta cewa maslahar gwamnatin Musulunci tana gaba da rassan addini, har salla da azumi da hajji. Ashe ƙofar da aka rufe wa bishop a 1979, ba a daɗe ba aka rufe ta ga masu rawani.

A nan ƙasar ma guguwar 1979 ta kaɗa ɗalibai a jami'o'inmu, musamman a Zariya, wasu har suka tafi Iran suka dawo da aƙidar. Samari ne da suka gaji da ganin an raina Musulmi, kuma ganin malami tsoho ya kori sarkin da Amurka ke mara wa baya ya ɗaga musu kai. Wannan abin fahimta ne. Amma mu da muke zaune da Kirista a gari ɗaya, kasuwa ɗaya, wani lokaci ma gida ɗaya, mu ne muka fi kowa bukatar jin ɗaya ɓangaren.

Ba sai mun yarda da aƙidar Kirista ba kafin mu karɓi shaidarsa. Mu tuna sa'ad da Sahabbai suke marasa ƙarfi a Makka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙasar sarkin Kirista ya tura su, watau Najjashi na Habasha, domin ba a zaluntar kowa a wurinsa. Da wannan mudu aka auna sarkin Kirista ya cika. Duk gwamnatin da ta ɗauki sunan Musulunci, a Tehran take ko a wani wuri, da shi za a auna ta, kuma marasa ƙarfin da ke ƙarƙashinta su za a tambaya.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya tsare mu daga zaluntar wanda aka ba mu amanarsa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.